Sashe, Shekara da Nauyin Hujja: Nemo Dokar Harajin Tarayyar Amurka da Kafa Madogara da Ita

A ɗauka wani likita ne haifaffen Kano, ya yi shekaru yana aiki a Amurka har ya zama ɗan ƙasa, sannan ya tattara iyalinsa ya dawo gida ya kama aiki a wani asibiti. Amurka tana bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suke zaune a duniya, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccin hakan tun 1924 a shari'ar Cook da Tait. Saboda haka likitan nan, ko da a naira ake biyansa, sai ya cike takardar haraji ya aika. Lauyan da zai rubuta masa shawara zai buɗe sashe na 911 na dokar harajin tarayya, wanda ya ɗauke haraji daga wani adadi na albashin da aka samu a ƙetare, muddin mutum ya cika sharuɗɗa, irin su zama a wajen Amurka cikakkun kwanaki 330 cikin watanni 12 a jere. A cikin nassin zai ga an rubuta dala 80,000. Idan ya kwafi wannan adadi ya miƙa wa likitan, ya ɓatar da shi, alhali bai canza ko harafi ɗaya daga abin da doka ta ce ba. Adadin shekarar 2024 dala 126,500 ne, na 2025 kuma dala 130,000, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a jikin sashen. Abin da sashen ya yi shi ne umarni da a riƙa ɗaga adadin gwargwadon hauhawar farashi, hukumar tattara haraji ta IRS ce kuma ke fitar da sabon lissafi kowace shekara a wata takarda dabam. Na 2025 yana cikin wadda ake ambata da Rev. Proc. 2024-40.

Ɗalibai da yawa, musamman waɗanda suka je karatun digiri na biyu a fannin shari'a a jami'o'in Amurka, suna ɗauka cewa kafa madogara magana ce ta tsarin rubutu kawai: inda ake ɗiga aya, inda ake sa waƙafi, da yadda ake taƙaita sunan kotu. Waɗannan suna da amfaninsu, amma ana iya koyonsu cikin mako guda. Abin da ke cin shekaru kafin ya zauna wa mutum shi ne sanin cewa duk lokacin da ya rubuta lambar sashe a ƙarshen jimla, alkawari ya ɗauka wa mai karatu cewa wannan nassi shi ne ke aiki a kan wannan mutum a wannan shekara, kuma yana da ƙarfin ɗaukar nauyin maganar da aka jingina masa. A fannin haraji wannan alkawari yana saurin karyewa, domin da wuya majalisa ta yi zango guda ba ta taɓa dokar ba.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga tsarin baƙo ba. Akwai matani, akwai sharhi a kan matani, akwai hashiya a gefen sharhi, akwai kuma fatawar da malami ya bai wa wani mutum a kan matsalarsa shi kaɗai. Almajiri nagari ya san ba a daidaita waɗannan wajen kafa hujja, ya kuma san cewa kafin a yanke hukunci sai an tantance nassin da aka shafe da wanda ya shafe shi. Haka dokar harajin Amurka take, hawa-hawa.

Matanin shi ne Kundin Dokar Harajin Cikin Gida, wanda lauyoyi ke taƙaitawa da I.R.C. Harajin kuɗin shiga na tarayya a kamanninsa na yau ya samo tushe daga gyara na 16 da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1913. Daga nan majalisa ta riƙa zartar da dokokin haraji ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata lambobin, har 1939 da aka tattara su wuri guda a karon farko. A 1954 aka sake rubuta kundin ɗungurungum da sababbin lambobi, sannan babban garambawul da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu ranar 22 ga Oktoba, 1986 ya sauya masa suna zuwa kundin 1986, amma ya bar tsarin lambobin 1954 yadda yake. Wannan tarihi yana shiga aikin yau da kullum kai tsaye. Shari'ar da kowane ɗalibin haraji ke fara karantawa a kan ma'anar kuɗin shiga ita ce ta kamfanin Glenshaw Glass, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1955, inda ta ce diyyar ladabtarwa da kamfani ya karɓa ita ma kuɗin shiga ce. A ƙarƙashin sashe na 22(a) na kundin 1939 aka yanke ta. Ma'anar kuɗin shiga yanzu tana sashe na 61, wanda ya buɗe sashe na 22 na yau kuwa zai tarar da rangwamen haraji ga tsofaffi da naƙasassu, abin da ko kusa bai shafi shari'ar ba. Shi ya sa idan aka ambaci tsohon kundi dole a lasafta shekararsa, a rubuta I.R.C. § 22(a) (1939), sannan a gaya wa mai karatu sashen da ya gaje shi.

Kundin yana zaune ne a matsayin fanni na 26 na Babban Kundin Dokokin Amurka, kuma lambobin sassan iri ɗaya ne a wurare biyun, don haka 26 U.S.C. § 61 da I.R.C. § 61 abu guda suke nufi. Na biyun shi masu aikin haraji suka fi rubutawa a tsakaninsu, na farkon kuma ya fi dacewa da takardar da za a shigar gaban kotun da ba haraji kaɗai take saurara ba. Alamar § tana nufin sashe, idan an ninka ta sassa ake nufi. Shi kansa sashen yana rarrabuwa ne kamar reshen itace: ƙaramin harafi a baka, sannan lamba, sannan babban harafi, sannan lambar Romawa. Wanda ya ce ƙungiyar agaji tana ƙarƙashin sashe na 501 bai faɗi komai ba tukuna, domin ƙungiyoyi iri-iri ne a wurin, kuma dokokinsu sun bambanta. Sai ya ce 501(c)(3) aka san wadda yake nufi. Akwai wani tarko da ke kama mai saurin karatu: bayan dogon jeri na gaɓoɓi masu lamba, wani lokaci sai wata jimla ta dawo bakin layi ba tare da lamba ba, kuma sau da yawa a cikinta ne aka sa togaciyar da ke juya ma'anar duk abin da ke sama. Haka nan kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana guda a wannan sashe, wata ma'anar a wancan, shi ya sa ake duba ko an ce ma'anar ta wannan sashe ce kaɗai ko ta dukan babin, a kuma leƙa sashe na 7701 inda aka tara ma'anonin gama-gari. Kanun da ke saman sassa ma ba hujja ba ne, domin sashe na 7806(b) ya hana a ciro wata ma'ana daga yadda aka jera sassan ko aka siffanta su.

Inda aikin ya fi wuya shi ne abin da majalisa ta zartar amma bai shiga jikin kundin ba. Kowace doka da shugaban ƙasa ya sa wa hannu tana samun lambarta, ana kuma buga ta yadda take a jerin mujalladan dokoki da ake taƙaitawa da Stat., bisa tsarin ranar zartarwa. Dokar haraji ta 22 ga Disamba, 2017, wadda ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa kashi 21 cikin ɗari, ana ambatonta da Pub. L. No. 115-97, 131 Stat. 2054. Lamba 115 tana nufin majalisa ta 115, 97 ita ce doka ta 97 da ta zartar, 131 mujalladi ne, 2054 kuma shafin da dokar ta fara. Jama'a suna kiranta da Dokar Rage Haraji da Samar da Ayyuka, amma an goge wannan suna daga jikinta a Majalisar Dattawa kafin a zartar, saboda wata ƙa'idar kasafin kuɗi mai ɗauke da sunan Sanata Robert Byrd, sunanta na hukuma kuwa doguwar jimla ce a kan daidaita kasafin 2018. Haka aka sake yi wa dokar 4 ga Yuli, 2025, wato Pub. L. No. 119-21. Marubuci mai kula zai iya amfani da sunan da aka saba, amma lambar ce madogararsa.

Irin wannan doka umarni ce ga kundin: a goge kaza, a saka kaza, a sauya wannan lamba da waccan. Sai dai ranar da gyaran zai fara aiki, da wanda ya shafa da wanda ya tsallake, galibi suna zama ne a cikin dokar gyaran, ba sa shiga nassin kundin. Sai dai a same su a ƙananan bayanan da masu tsara kundin ke liƙawa a ƙasan sashe. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne kuɗin ɗawainiya da ɗaya daga cikin ma'aurata ke biyan ɗaya bayan rabuwa. Tsawon shekaru ƙa'idar ita ce mai biya ya cire kuɗin daga abin da za a yi masa haraji a kai, bisa sashe na 215, mai karɓa kuma ya lasafta shi cikin kuɗin shigarsa, bisa sashe na 71. Dokar 2017 ta soke sassan biyu. Wanda ya buɗe sashe na 71 yau zai ga kalma guda ce ta rage, cewa an soke shi, kuma idan ya tsaya a nan zai gaya wa mai neman shawara cewa maganar ta ƙare. Amma sashe na 11051(c) na dokar gyaran ya ce sokewar ta shafi takardun rabuwa da aka sa wa hannu bayan 31 ga Disamba, 2018 ne, sai kuma tsofaffin da aka yi wa kwaskwarima bayan wannan rana idan an rubuta ƙarara a cikin kwaskwarimar cewa sabuwar dokar za a bi. Ke nan mutumin da aurensa ya mutu a 2015, yana kuma biyan kuɗin har yau bisa takardar farko, sashen da aka soke ne ke mulkinsa. Lauyansa sai ya ambaci sashe na 71 yadda yake kafin sokewa, ya kuma haɗa da sashe na 11051(c) don mai karatu ya ga dalilin da ya sa matacce yake aiki.

Akwai ma tanade-tanaden da ba su taɓa shiga kundin ba ko kaɗan. Wanda ya fi shahara shi ne sashe na 530 na dokar haraji ta 1978, Pub. L. No. 95-600, wanda ke kare mai kamfani idan yana da dalili mai kyau na ɗaukar ma'aikatansa a matsayin 'yan kwangila maimakon ma'aikatan albashi. Masu aikin haraji suna cewa “kariyar sashe na 530” a bakinsu kullum, sai sabon shiga ya je ya buɗe I.R.C. § 530 ya tarar da asusun ajiyar kuɗin karatun yara. Kariyar tana can a bayanin ƙasan sashe na 3401, kuma da sunan dokar 1978 ake ambatonta.

Nan ne nake ganin ya kamata marubucin haraji ya fi ƙa'idar littafi tsanantawa. Littafin da ya fi rinjaye wajen tsara ambato a Amurka, wanda ake kira Bluebook, editocin mujallun shari'a na jami'o'in Harvard, Yale, Columbia da Pennsylvania ne ke haɗa shi, kuma a bugunsa na 21 da ya fito a 2020 ya sauƙaƙa, ya daina wajabta rubuta shekara idan ana ambaton Babban Kundin tarayya. Ga yawancin fannoni wannan sauƙi ne mai ma'ana. A haraji kuwa shekara rabin hukunci ce, domin rikicin da ke gaban kotu yau galibi na harajin shekaru uku ko biyar ne da suka wuce. Iyakar harajin jiha da ƙaramar hukuma da mutum zai cire daga abin da tarayya za ta yi masa haraji a kai, a sashe na 164(b)(6), dala 10,000 ce daga 2018 zuwa 2024, kafin 2018 babu wannan iyakar, a 2025 kuma an ɗaga ta zuwa dala 40,000 ga yawancin masu biya. Lambar sashe guda, amsa uku. Kotun Haraji ta Amurka tana warware wannan da wata jimla da take sawa a ƙasan shafukan farko na hukunce-hukuncenta, cewa duk sashen da aka ambata ana nufin kundin yadda yake a lokacin da abin ya faru. Ya kamata kowace takardar shawara ta ɗauki irin wannan jimla, sannan duk inda nassi ya sauya a tsakanin shekarun da ake magana a kai, a faɗa a fili. Hatta sabon harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da ake aikawa ƙetare da tsabar kuɗi, wanda dokar 2025 ta kafa a sashe na 4475, wanda kuma ya shafi duk mai aiko wa gida da kuɗi ta wannan hanya, bai kama abin da aka aika a 2025 ba, sai daga 1 ga Janairu, 2026.

Sharhin da ke bin matani su ne ƙa'idojin Ma'aikatar Baitulmali, wadda sashe na 7805(a) ya bai wa ikon fitar da duk ƙa'idar da ake buƙata don aiwatar da kundin. Ana fara buga su a gazet ɗin tarayya, sannan a tattara su a fanni na 26 na kundin ƙa'idojin tarayya. Lambarsu tana magana ga wanda ya iya karanta ta. A Treas. Reg. § 1.162-1, lamba 1 ta farko tana nufin harajin kuɗin shiga, 162 shi ne sashen kundin da ake wa sharhi, wato kuɗin da aka kashe wajen tafiyar da kasuwanci, lambar bayan karan ɗori kuma jerin ƙa'idar ce kawai, ba ta nufin ƙaramin sashe na ɗaya. Da an ga 20 a farko harajin gado ne, 25 harajin kyauta, 31 harajin albashi, 301 kuma tsarin gudanarwa. Ƙa'idojin hawa uku ne: waɗanda aka kammala, na wucin gadi masu harafin T a ƙarshe, da waɗanda aka gabatar don jin ra'ayin jama'a, waɗanda ba su zama doka ba tukuna. Na wucin gadi suna mutuwa cikin shekara uku bisa sashe na 7805(e), amma wannan wa'adi bai kama waɗanda aka fitar kafin ƙarshen 1988 ba, shi ya sa ƙa'idar wucin gadi ta 1984 a kan kuɗin ɗawainiyar nan, mai lamba 1.71-1T, ta yi shekaru gommai ana aiki da ita. Abin tsoro a nan shi ne majalisa ta gyara sashe, ma'aikatar kuma ba ta waiwayi sharhinta ba, sai ƙa'ida ta ci gaba da zama a littafi tana bayanin nassin da ya riga ya sauya. Rubuta shekarar da aka fitar da ƙa'ida ko aka yi mata gyara na ƙarshe shi ne ke bai wa mai karatu damar gane wane ne ya riga wani.

Nauyin waɗannan ƙa'idoji ma ya motsa a kwanan nan. Daga 1984, bisa shari'ar Chevron, kotuna sun kasance suna bin fassarar hukuma idan nassi yana da harshen damo kuma fassarar tana da ma'ana, a 2011 kuma, a shari'ar Gidauniyar Mayo, Kotun Ƙoli ta ce wannan ma'auni ya shafi ƙa'idojin haraji kamar kowane fanni. Ranar 28 ga Yuni, 2024, a shari'ar Loper Bright, kotun ta rushe Chevron, ta ce alƙali ne zai nemo fassarar da ta fi dacewa da kansa, ko da yake ta bar hukunce-hukuncen da aka riga aka yanke a tsaye, ta kuma yarda cewa majalisa tana iya danƙa wa hukuma ikon cike wani gurbi a fili. Saboda haka wanda ya jingina da ƙa'ida yau ya kamata ya nuna daga wane sashe ta samo ikonta, kuma idan ya kawo tsohon hukuncin da ya goyi bayanta, ya duba ko da ma'aunin Chevron aka auna ta.

A ƙasan ƙa'idoji akwai abin da IRS ke fitarwa da kanta a mujallarta ta mako-mako, I.R.B. Akwai fatawar gama-gari, Rev. Rul., inda hukumar ke kawo wani misali ta faɗi yadda take ganin doka ta hau kansa; akwai bayanin hanyoyin aiki, Rev. Proc.; akwai kuma sanarwa. Da ana tattara su a mujalladai da ake kira C.B., har aka daina bayan 2008, shi ya sa fatawar 1959 a kan ƙiyasta darajar hannun jarin kamfanin da ba ya kasuwar hannayen jari ake ambatonta da Rev. Rul. 59-60, 1959-1 C.B. 237, alhali na baya-bayan nan lambar mujallar mako suke ɗauka. Mai biyan haraji yana iya dogara da fatawa idan al'amarinsa ya yi daidai da nata, amma ba ta ɗaure kotu, kuma hukumar tana iya faɗaɗa ta, ta gyara ta, ta maye gurbinta ko ta janye ta, don haka sai an bibiyi tarihinta kafin a ambace ta. Wasiƙar amsa da hukumar ke rubuta wa mutum ɗaya a kan tambayarsa kuwa, sashe na 6110(k)(3) ya ce ba a kafa hujja da ita a matsayin abin koyi. Duk da haka lauyoyi suna karanta irin waɗannan wasiƙu don su san inda hukumar ta karkata, kuma ƙa'ida mai lamba 1.6662-4(d)(3)(iii) ta lasafta waɗanda aka fitar bayan 31 ga Oktoba, 1976 cikin madogaran da mutum zai iya kawowa don kare kansa daga tarar kashi 20 cikin ɗari da ake yi wa wanda ya bayyana harajin da bai kai abin da ke kansa ba. Takarda guda ke nan, ba ta cin shari'a amma tana iya hana tara, kuma wajibi ne marubuci ya faɗi a wace fuska ya kawo ta. Ita wannan ƙa'idar ta fitar da littattafan masana da maƙalun mujallu daga jerin madogara, komai girman marubucinsu.

Ƙasidun wayar da kai da IRS ke rabawa su ne mafi sauƙin karantawa, su ne kuma mafi rauni. Shari'ar Bobrow ta 2014 ta nuna hakan da zafi. Doka ta ba mutum damar cire kuɗi daga asusun ritayarsa ya mayar cikin kwana 60 ba tare da haraji ba, amma sau ɗaya a shekara, bisa sashe na 408(d)(3)(B). Ƙasidar hukumar mai lamba 590 ta daɗe tana bayanin cewa iyakar ta kowane asusu ce dabam, ta yadda mai asusu biyu zai iya yi sau biyu. Kotun Haraji ta karanta nassin ta ce iyakar ta mutum ce, komai yawan asusunsa, kuma da aka nuna mata abin da ƙasidar ta ce, sai ta amsa cewa irin wannan bayani ba hujja ba ne, wanda ya dogara da shi ya ɗauki kasadar da kansa. Mai ƙarar kuwa lauyan haraji ne. Daga baya hukumar ta rungumi fassarar kotun, ta fara aiki da ita daga 1 ga Janairu, 2015. Lambar wannan hukunci T.C. Memo. 2014-21 ce, sanarwar da hukumar ta fitar a wannan shekarar tana cewa kuɗin intanet irin su Bitcoin kadara ne a idon haraji ita ma lambarta 2014-21, don haka barin haruffan da ke gaban lamba yana iya kai mai karatu wata unguwa dabam.

Kotunan farko uku ne. Wanda bai yarda da ƙarin harajin da aka ɗora masa ba yana iya zuwa Kotun Haraji tun bai biya ba, cikin kwana 90 daga ranar da aka aika masa da takardar gargaɗi. Idan kuma kotun gunduma ta tarayya yake so, ko kotun da ke sauraron ƙarar neman haƙƙi daga gwamnati, sai ya biya duka tukuna sannan ya nemi a mayar masa, kamar yadda shari'ar Flora ta 1960 ta tabbatar. Kotun Haraji ta faro ne a 1924 a matsayin hukumar ɗaukaka ƙara, shi ya sa tsofaffin hukunce-hukuncenta ke ɗauke da B.T.A., ta zama kotu a suna a 1942. Hukuncinta mai alamar T.C. shi ne mai kafa sabuwar ƙa'ida, mai alamar T.C. Memo. yana ɗora sananniyar doka ne a kan wani al'amari, na ƙananan ƙararrakin da ba su wuce dala 50,000 ba kuwa sashe na 7463 ya ce ba a ɗaukaka su, ba a kuma kafa hujja da su a wata shari'a. Tun shari'ar Golsen ta 1970 kotun tana bin ra'ayin kotun ɗaukaka ƙarar yankin da mai ƙara yake zaune, ko da ita tana da wani ra'ayin, ta yadda mutum biyu masu matsala iri ɗaya, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Teksas, za su iya samun amsa biyu daga kotu guda. Ambaton hukunci ba tare da sanin yankin da ya fito ba rabin aiki ne.

Idan nassi ya ƙi fitowa fili, akan koma ga rahotannin kwamitocin majalisa da suka tsara shi. A nan ma akwai bambanci tsakanin abin da aka rubuta kafin a jefa ƙuri'a da abin da aka rubuta bayanta. Ma'aikatan kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu kan haraji, wanda aka kafa a 1926, suna fitar da cikakken bayanin dokoki bayan an zartar, kuma bayani ne mai inganci ƙwarai, amma a 2013, a shari'ar Woods, Kotun Ƙoli ta ce tunda bayan zartarwa aka rubuta shi ba zai zama shaidar nufin majalisa ba, ƙarfinsa gwargwadon gamsarwar hujjarsa ne kawai.

Lauyan Najeriya ba zai ga wannan darasi a matsayin labarin nesa ba. Dokar harajin kamfanoni ta ƙasar ta daɗe ana ambatonta da babi na C21 na kundin dokokin tarayya na 2004, alhali dokokin kuɗi na 2019, 2020, 2021 da 2023 sun yi ta sauya sassanta, ta 2019 ce ma ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Sannan ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, babbar cikinsu ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, ta haɗiye tsofaffin dokoki da dama da sababbin lambobi. Abin da ya faru da lauyoyin Amurka a 1954 shi ne ke gaban na Najeriya yanzu: hukunce-hukuncen shekaru masu yawa suna ɗauke da lambobin da suka tashi aiki, kuma rikicin harajin shekarun baya zai ci gaba da buƙatar tsohon nassi.

Shi kuwa likitan Kano, takardar shawararsa za ta ambaci I.R.C. § 911(d)(1) a kan cancantarsa, sannan § 911(b)(2)(D) haɗe da Rev. Proc. 2024-40 a kan dala 130,000 ta 2025. Babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya da za a jingina da ita, don haka harajin da ya biya a Kano sai a nemi rangwamensa ta sashe na 901, tare da lura cewa § 911(d)(6) ya hana cin moriya biyu a kan kuɗi guda. Idan takardar gargaɗi ta zo masa a adireshinsa na Kano, sashe na 6213(a) ya ba shi kwana 150 maimakon 90, kuma tunda ba ya zaune a kowane yanki na Amurka, ɗaukaka ƙararsa kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington za ta je, don haka hukunce-hukuncen wannan kotu ne lauyansa zai fara nema.